Fiyanon tsaye: Me ya sa na Japan, na Jamus da tsohon na Faransa ba su da murya ɗaya?

Idan aka ce "fiyano" a Maraɗi ko Damagaram, abin da ke faɗo wa matashi a rai shi ne allon madannai na lantarki da ke cikin situdiyo, wanda ake ɗora wa waƙoƙin biki, na siyasa da na finafinai. Da shi aka san kiɗan fiyano tun da na'urorin Yamaha suka cika situdiyoyin Kano a shekarun 1990, salon kuma ya tsallako iyaka. Wannan na'ura ana saɓa ta a kafaɗa a hau babur da ita. Abin da ta aro wa suna kuwa sai ƙarti huɗu sun taru suna nishi kafin ya ɗaga: akwati ne na katako da ƙarfe mai nauyin kilo 200 zuwa 250, ba ya shan wuta, ba shi da lasifika.

Ƴan Nijar da ke zaune a Faransa, Beljiyam, Jamus ko Amurka su ne suka fi cin karo da shi. A shafukan sayar da kayan hannu irin su Leboncoin da Facebook, kusan kullum sai an ga tallar fiyanon tsaye, wato irin wanda ake jinginawa da bango, da Faransawa ke kira piano droit. Wani ana neman dubban Yuro a kansa. Wani kuma kyauta ne, sharaɗin kawai mutum ya zo ya sauko da shi daga hawa na huɗu. Sunayen da ke rubuce da ruwan zinariya a goshinsu kuma manya ne: Pleyel, Gaveau, Yamaha, Kawai, Petrof, Schimmel.

Iyayen da ɗansu ya fara koyon kiɗa a makaranta, ko matashin da ke son haɗa ɗan situdiyo a ɗakinsa, tambayarsu ɗaya ce: wanne ya fi daɗin amo? Amsar da aka fi ji ita ce ta suna. Na Japan kaifi, na Jamus zurfi, tsohon na Faransa zaƙi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai rabin labarin ba, kuma wanda ya tsaya a kanta yana iya biyan kuɗin ɗauko katako mai nauyin buhun gero biyu da rabi wanda babu mai iya saita shi.

Inda amon yake fitowa

Fiyano na zamani yana da madannai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, domin yawancin madannai tsirkiya uku-uku suke bugawa. Idan aka haɗa ƙarfin ɗaurin dukansu, ya kai tan 18 zuwa 20, shi ya sa ake miƙe su a kan firam na zubin ƙarfe. Da an danna madanni, wata ƴar guduma ta katako da aka naɗe da matsattsen ulu sai ta daki tsirkiya ta dawo. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. Girgizarta tana bi ta kan wani dogon katako, irin abin da masu goge da gurmi ke kira jaki, ta shiga wani faffaɗan allo marar kauri da ke bayan fiyanon. Wannan allon amo, wanda ake yi da itacen ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira épicéa, shi ne ke yin aikin da fata ke yi a kan ƙwaryar goge.

Abu na biyu da ya kamata a sani: tsirkiya ba amo ɗaya take bayarwa ba. Akwai uwar amo, sannan akwai ƴaƴanta da ke sama da ita, masu girgiza ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har zuwa sama. Kunne yana jin su a dunƙule. Idan ƴaƴan na sama suka yi ƙarfi, sai a ce fiyanon yana da kaifi ko haske. Idan uwar da ƴaƴan kusa da ita suka rinjaya, sai a ce yana da taushi ko ɗumi. Duk gardamar da ake yi kan Yamaha da Bechstein, a ƙarshe kan wannan rabon take.

Tsawo kafin suna

A nan ne tsawon akwatin ya shigo. Madanni mafi kaurin murya yana buƙatar tsirkiyar da ke girgiza sau 27 da rabi kacal a daƙiƙa. A babban fiyanon kwance na zauren wasa, irin Steinway mai tsawon santimita 274, wannan tsirkiya ta kai mita biyu. A fiyanon tsaye babu wannan fili, sai a gajarta ta, a ƙara mata kauri da naɗin jan ƙarfe. Matsalar ita ce gajeriyar tsirkiya mai kauri tana da taurin kai, ta fi kama da sandar ƙarfe. Ƴaƴan amonta ba sa zama daidai a ninki biyu da uku, suna ɗan zarcewa sama. Abin da kunne ke ji shi ne guɗa-guɗa a ɓangaren hagu: ana jin ƙugi, amma da wuya a ce ga takamaiman muryar da aka buga.

Saboda haka santimita goma na tsawo kan canza amo fiye da canjin kamfani. Fiyano mai santimita 130 zuwa 132, kamar Yamaha U3, Kawai K-500, Steinway K-52 ko Bechstein Concert 8, yana da tsirkiyoyi da faɗin allo da ke gogayya da na ƙaramin fiyanon kwance. Mai santimita 120 zuwa 122, kamar Yamaha U1 da Kawai K-300, shi ne tsaka-tsaki da makarantun kiɗa suka fi saye. Daga santimita 110 zuwa ƙasa, komai girman sunan da ke jikinsa, hannun hagu zai ji an rage masa mudu. Duk wanda ya ajiye gajeren fiyanon Jamus kusa da dogon na Japan ya ce yana kwatanta Jamus da Japan, tsawo yake kwatantawa bai sani ba.

Na kakanni: zaƙi da haɗari

Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, amma na tsaye irin wanda aka sani bai bayyana ba sai 1800, lokacin da John Isaac Hawkins a Philadelphia da Matthias Müller a Vienna, kowa a nasa ɓangaren, suka sauko da tsirkiyoyin har ƙasa. Robert Wornum a Landan ya gyara tsarin gudumomin, kamfanin Pleyel da aka kafa a Paris a 1807 kuma ya yayata ƙaramin samfurin da ya kira pianino.

Irin wannan ne aka aika wa Frédéric Chopin a tsibirin Majorca na Sifaniya, inda ya yi hunturun 1838 zuwa 1839 yana fama da ciwon ƙirji. Fiyanon ya makale a hanya da hannun ƴan duwan, bai iso ba sai a watan Janairu, a kansa kuma ya kammala jerin kaɗe-kaɗensa 24 da ake kira Préludes. An ruwaito cewa Chopin ya fi son Pleyel a kan Érard idan yana jin ƙarfi, domin Érard amonsa a shirye yake zuwa, shi kuwa Pleyel sai mai kiɗa ya nemo muryar da yatsunsa.

Fiyanon wancan zamani firam ɗinsa na katako ne, ɗaurin tsirkiyoyi bai kai na yau ba, kuma a jere suke a miƙe ba tare da sun haye juna ba. Amon siriri ne, garau, ba ya daɗewa, kuma kowane ɓangare da launinsa: hagu daban, tsakiya daban, dama daban. Wanda aka gyara shi da kyau yana da wani zaƙi da fiyanon yau ba shi da shi, kamar bambancin molo da gitar lantarki.

Sai dai a kasuwar kayan hannu wannan shi ne babban tarko. Talla a Faransa da aka rubuta cadre bois a ciki tana nufin firam na katako, kuma masu saita fiyano da yawa ba sa ma yarda su taɓa shi. An ƙera irinsu ne tun kafin a tsayar da ma'aunin yau, inda muryar da ake saita saura da ita ke girgiza sau 440 a daƙiƙa. Ma'aunin da Faransa ta kafa a 1859 ma 435 ne, kuma tsufa ya sa da yawansu sun zube ƙasa da haka. A ja su zuwa 440, tsirkiya ta tsinke ko katako ya tsage. A bar su a ƙasa, yaron da ke koyo ya saba da muryar da ba ta dace da ta malaminsa ba. Haka abin yake da tsofaffin na Ingila masu wayoyi jere a gaban gudumomi kamar kejin tsuntsu: matosan da ke kashe amo a irinsu ba sa kamawa sosai, sai kowace murya ta riƙa jan jela bayan an ɗaga yatsa. Wasu na jin hakan a matsayin kwarjinin tsufa. A kunnen mai koyo dagulewa ce kawai.

Daga wajen 1890 zuwa 1930 labarin ya canza. Firam na ƙarfe, wanda Alpheus Babcock ya yi wa rajista a Boston tun 1825, da tsarin haye tsirkiyoyin hagu a kan na tsakiya don su ƙara tsawo, sun zama ruwan dare. Zamani ne da fiyano ke matsayin da talabijin ya samu daga baya: a 1909 kaɗai masana'antun Amurka sun ƙera sama da 360,000. Dogaye ne, wasu sun haura santimita 140, da katako mai kyau da allo mai faɗi. Na Jamus na lokacin, irin Bechstein na Berlin da Blüthner na Leipzig, waɗanda aka kafa a 1853, shekara ɗaya da Steinway a New York, har yau masu gyara na girmama su. Idan aka dace da wanda aka sabunta wa tsirkiyoyi da gudumomi, hannun hagu yana samun ƙugi mai cika ɗaki, tsakiya kuma tana rerawa kamar muryar mutum.

Kalmar "idan" ɗin nan ita ce mai tsada. Fiyano ba goge ba ne da ake cewa tsufa na ƙara masa daɗi. Na'ura ce mai dubban sassa da ke ƙarƙashin ɗaurin tan 18 dare da rana. Bayan shekara ɗari, datti da tsatsa sun shiga naɗin jan ƙarfe, tsirkiyoyin hagu sun koma kamar ana dukan kwali. Allon amo, wanda aka ƙera da ɗan doro don ya tokare tsirkiyoyi, ya kwanta, sai murya ta mutu da wuri. Abin da mai saye ke ji a irin wannan fiyano ba muryar Berlin ta 1910 ba ce, muryar shekara ɗari na ɗakin ajiya ce.

Akwai kuma zamanin da ba a cika kewarsa ba. Bayan karyewar tattalin arziki na 1929, kamfanonin Amurka sun fito da spinet a tsakiyar shekarun 1930, ɗan gajere da bai kai mita ɗaya ba, don ya shiga ƙananan gidaje. Ya yi kasuwa shekaru da dama, kuma shi ne ya fi yawa cikin na kyauta a Amurka a yau. Amonsa na hagu ba shi da tushe, gyaransa kuma wahala.

Hamamatsu ta shigo

Torakusu Yamaha ya ƙera fiyanon tsaye na farko na kamfaninsa a 1900 a garin Hamamatsu. Koichi Kawai, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya buɗe nasa kamfanin a wannan garin a 1927. Amma sai a shekarun 1960 da 1970 ne fiyanon Japan ya mamaye duniya, kuma abin da ya kawo sabo shi ne daidaito. A masana'antun Turai na da, fiyano biyu masu lamba ɗaya na iya fitowa da hali daban. U1 guda goma kuwa kusan murya ɗaya suke da ita.

Muryar Yamaha ta wancan zamani a bayyane take: bugun farko mai tsafta, kaifi a ɓangaren dama, kowace murya a ware. Ita ce ta sa masu jazz, masu kiɗan coci da masu situdiyo suke son sa, domin yana ratsa ganguna da gita ba tare da an ƙara masa ƙarfi ba. Masu sukar sa kuma suna cewa idan aka buga da ƙarfi yakan koma kamar ana ƙwanƙwasa gilashi, kuma launukansa ba su da yawa. Kawai ya fi shi duhu da taushi, bugun farkonsa a dunƙule, shi ya sa wanda ke zaune a ƙaramin ɗaki mai daɓen siminti kan fi jin daɗinsa. Kamfanin ya kuma daɗe yana amfani da roba mai ƙarfi, daga baya da haɗin kabon, a wasu sassan da ke motsa gudumomi, abin da ba ya kumbura da laima. Wannan bai shafi amo kai-tsaye ba, amma ya shafi yadda fiyanon ke jure sauyin yanayi.

Ko a nan zamani yana da tasiri. U1 na 1975 da aka yi shekara arba'in ana duka a makaranta ya fi sabon U1 kaifi nesa ba kusa ba, kuma Yamaha da kansa ya sassauta muryar sababbin samfuransa. Lambar da aka buga a kan firam ɗin ƙarfe, idan aka ɗaga murfin sama, ita ke nuna shekarar ƙira, kuma manyan kamfanoni suna wallafa jadawalinta.

Na Turai na yau sun fi wuyar ɗaurewa da igiya ɗaya. Bechstein an san shi da tsabtar murya da haske a sama, Blüthner da ɗumi da zagaye, Schimmel da Grotrian kowa da nasa. Petrof na ƙasar Czech, wanda aka kafa a 1864, yana da murya mai taushi da ke jan rai, kuma ya fi na Jamus sauƙin kuɗi a kasuwar kayan hannu. Abin da suka yi tarayya a kai, idan masu kyau ne, shi ne amon yana canza launi gwargwadon ƙarfin yatsa: a taɓa a hankali ya yi raɗa, a danna ya buɗe, ba ƙara kawai yake yi ba. Wannan shi ne abin da ake biya da tsada, kuma mai koyo na shekarar farko da wuya ya ji shi. A lura kuma da shekaru: gwamnatin gurguzu ta ƙwace Petrof a 1948, Blüthner kuma a 1972, kuma masu gyara da yawa na ganin kayan waɗannan shekaru ba su kai na kafinsu ko na bayan 1990 ba.

Sunan da ke goshi

A nan ne mai saye ya fi shan mamaki. Gaveau da Érard sun haɗe a 1960, Pleyel ya bi su shekara guda bayan haka, kuma daga 1971 zuwa 1994 kamfanin Schimmel ne ke ƙera fiyano masu waɗannan sunaye a Braunschweig ta Jamus. Wato Pleyel na 1980 da ake tallatawa a Lyon da sunan "muryar Faransa irin ta Chopin", Bajamushe ne da hular Bafaranshe. Ba aibi ba ne, fiyano ne mai kyau, sau da yawa ma ya fi Pleyel na 1900 amfani ga mai koyo. Amma duk wanda ya ce ya ji Paris a cikinsa, sunan ya ji.

Misalan suna da yawa. Steinway yana sayar da samfurin Boston da Kawai ke ƙera masa, da Essex da kamfanin Pearl River na Guangzhou a ƙasar Sin ke ƙerawa. Pearl River ɗin, wanda ya fi kowa yawan ƙira a duniya, shi ne ya sayi kaso mafi girma na Schimmel a 2016. Yamaha ya mallaki Bösendorfer na Vienna tun 2008, yana kuma da masana'anta a Hangzhou. Ban da waɗannan, akwai tarin sunaye masu kama da na Jamusawa da dillalai ke liƙa wa fiyanon da aka yi a Asiya. Na Sin na shekarun 1990 sun yi ƙaurin suna da amo mai tauri da rashin ƙarko. Na shekarun baya-bayan nan sun inganta sosai, wasunsu da gudumomi da tsirkiyoyin da aka sayo daga Jamus.

Akwai ma inda suna ke tsada ba don amo ba sam. Fiyanon tsaye na Steinway da John Lennon ya tsara waƙar Imagine a kansa, mawaƙi George Michael ya saye shi a gwanjo a shekarar 2000 kan fam miliyan 1.45. Ɗan ƙaramin samfuri ne na gida, ba wanda ya ce ya fi sauran irinsa murya.

Guduma ce mai magana

Idan akwai sashe ɗaya da ke riƙe da abin da mutane ke kira muryar kamfani, to ulun da ke kan guduma ne. Jean-Henri Pape ne ya yi wa amfani da shi rajista a Paris a 1826, kafin nan fata ake sawa. Guduma mai tauri tana barin tsirkiya da sauri, ƴaƴan amo na sama su tashi, a ji kaifi. Mai taushi tana ɗan jimawa a jikin tsirkiya, ta danne su, a ji ɗumi. Mai gyara yana iya sassauta ulu ta hanyar soka masa allurai, yana iya taurara shi da wani ruwan fenti. Steinway ma hanya biyu yake bi: a masana'antarsa ta New York an saba farawa da ulu mai taushi a taurara shi, a ta Hamburg kuma a fara da mai tauri a sassauta. Suna ɗaya, murya biyu.

Yawan duka kuma yana matse ulun, tsirkiyoyi su yi masa zane mai zurfi, goshinsa ya baje. Shi ya sa tsohon fiyano kowane iri ne yake komawa kaifi da tsiwa. Mafi yawan Yamahar da ake zargi da ƙarar gilashi, aikin yini ɗaya na ƙwararren mai gyara ne ya rage musu.

Masu ɗaukar waƙa sun daɗe da gane wannan. A situdiyon Abbey Road na Landan akwai wani Steinway na tsaye na 1905 da aka taurara wa gudumomi da gangan, wanda ƙarar ƙarfensa ke cikin wasu waƙoƙin Beatles. A Cape Town a 1974, Abdullah Ibrahim ya bar babban fiyano ya zauna a gaban wani tsohon na tsaye da aka kafa wa ƙananan ƙusoshi a kan gudumomi. Amon gwangwani da ya fito ya yi kama da kiɗan marabi na unguwannin baƙaƙen fata, kuma a kansa aka ɗauki Mannenberg, kiɗan da ya zama taken masu yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A ɗaya gefen, Bajamushe Nils Frahm ya sa ƙyallen ulu tsakanin gudumomi da tsirkiyoyi don kada ya dami maƙwabta da dare, ya fitar da faifan Felt a 2011, kuma wannan dusasshiyar murya ta zama salon da ake ji a finafinai da tallace-tallace. Yawancin fiyanon tsaye na yau suna da wannan ƙyalle: fedar tsakiya ce ke sauko da shi.

Ɗaki ma yana da nasa kaso. Allon amo na fiyanon tsaye bango yake kallo, don haka manne shi da bango yana shaƙe shi, tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu tana buɗe shi. Fiyanon da ya yi taushi a shago mai kafet da labule yana iya zama mai tsiwa a falo mai daɓe da bango tsirara.

Wanda zai je dubawa, ko bai iya kiɗa ba, akwai abin da kunnensa zai iya. Ya danna madanni ɗaya a ɓangaren dama, ya riƙe, ya ƙirga daƙiƙoƙin da amon zai yi kafin ya ɓace: wanda ya mutu nan take allonsa ya gaji. Ya bi madannai ɗaya bayan ɗaya daga hagu, ya saurari wurin da tsirkiyoyi masu naɗin jan ƙarfe suka ƙare, na ƙarfe zalla suka fara. A fiyano mai kyau da ƙyar ake jin gaɓar, a marar kyau kamar an sauya na'ura ne. Idan madanni ɗaya yana ba da murya biyu masu faɗa da juna sosai, alhali maƙwabtansa lafiya, wataƙila ƙusar da ke ɗaure tsirkiyar ta saki, kuma wannan ciwo ne mai tsadar magani. A Faransa zuwan mai saiti sau ɗaya yana kamawa wajen Yuro 100, kimanin jaka 65 na sefa. Kuɗin masu ɗauko fiyano daga bene ya fi haka, kuɗin fitar da mataccen fiyano daga gida ma haka.

Idan za a kawo shi gida

Wasu ƴan ci-rani kan yi tunanin saka fiyano a kwantena tare da mota da firji, don coci, makaranta ko gidan iyali. A nan duk kwatancen da ke sama yana iya rushewa cikin shekara ɗaya, domin katako yana shan laima yana kuma amayar da ita. Masu ƙera fiyano suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A Yamai, Tawa ko Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20 a ƙarshen hunturu da farkon bazara, ta haura 70 a watan Agusta. Duk makaɗin da ya taɓa gasa fatar ganga a bakin wuta da damina ya san abin da wannan ke nufi. Da damina allon amo zai kumbura, murya ta hau. Da hunturu ya tsuke, murya ta zube, katakon da ke riƙe da ƙusoshin ɗauri ya bushe ya sake su, allon kansa yana iya tsagewa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Lokacin da likita Albert Schweitzer ya tafi Lambaréné a Gabon a 1913, fiyanon da aka ba shi a Paris an lulluɓe cikinsa da tutiya saboda laima da gara. Kamfanin Yamaha ma ya ce fiyanon da ya fara aikawa Amurka a farkon shekarun 1960 sun sha wahalar bushewar gidaje masu na'urar ɗumama ɗaki, abin da ya sa ya koma busar da katako gwargwadon ƙasar da za a kai kayan. Dillalan da ke sayar da tsofaffin fiyanon Japan a ƙasashen waje suna musanta girman matsalar, amma gardamarsu kan Turai da Amurka ce, ba kan Sahel ba.

A wannan yanayi tsohon Bajamushe na 1910, wanda aka haɗa da mannin fata kuma ya yi ƙarni a sanyin Turai, shi ne zai fara faɗuwa, komai daɗin muryarsa a Hamburg. Idan kuma farin madannansa na hauren giwa ne, kamar yadda yake a yawancin na wancan zamani, ba ya tsallake iyaka bisa doka sai da takardun yarjejeniyar CITES. Mai matsakaicin shekaru, mai santimita 120 zuwa sama, wanda aka yi da katako mai hawa-hawa da mannin zamani, ya fi damar rayuwa, musamman idan an ajiye shi a ɗakin ciki nesa da taga, an kuma saka masa na'urar daidaita laima da ake ɗaurawa a cikin akwatin, wadda ita ma tana buƙatar wuta da ruwa a kai a kai. Bayan jirgin ruwa da tafiyar sama da kilomita 1,000 a kamyo daga bakin teku, zai iso a karkace, sai an bar shi makonni ya saba da iskar ɗakin kafin a saita shi, sannan a sake saitawa aƙalla sau biyu a shekara, bayan damina da kuma tsakiyar hunturu. Kafin a biya kuɗin kwantena, ya kamata a fara sanin wanda zai yi wannan aiki, da garin da zai riƙa tasowa.